Gidan cin kifi mai tutar 'yan fashin teku: a kai yara da tsohuwa, ko a nemi wani wuri?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san bakin tekun jihar nan ta Carolina ta Arewa a Amurka. Surukata ta zo daga Damagaram, Baban Hanifa yana so mu kai ta ta ga teku kafin yara su koma makaranta. Beaufort za mu je, daga nan Greensboro tafiyar wajen awa huɗu ce. Yaran sun ga hoton wani gidan abinci a can, irin wanda aka ƙawata da kayan 'yan fashin teku, ana sayar da kifi da jatan lande da boga, wato burodi mai gasasshen nama a tsakiya, tun ranar ba su bar ni na huta ba. Don Allah wanda ya taɓa ci a irin wurin ya faɗa mana: me Musulmi zai ci hankali kwance, me zai kauce wa, kuma nawa za mu riƙe? Mu bakwai ne.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya huci gajiyar Inna. Mun ci a irin wurin da iyalina a bazarar da ta wuce, kuma duk gidajen nan kusan tsari ɗaya ne. Ƙofar shiga an yi ta kamar goshin jirgin ruwa, ciki duk katako ne, igiyoyi da koma na rataye a rufi, wasu teburan ma ganguna ne aka ɗora wa faranti. A bakin ƙofa akwai gunkin wani mutum mai ƙafar katako, ido ɗaya a rufe, aku a kafaɗarsa. Masu kawo abinci sun ɗaura jan ƙyalle a ka. Kowane yaro ana ba shi hular takarda mai hoton ƙoƙon kai, abincin yara kuma a cikin ɗan jirgin kwali ake kawo shi. Idan an gama, akwai wani akwati da suke buɗe wa yara su ɗauki kuɗin roba. Hayaniya kam akwai ta, Inna za ta so teburin waje mai kallon ruwa.

Abincin ya yi mini daɗi ƙwarai. Na ci kwandon soyayyen kifi da jatan lande, da soyayyen dankali da haɗin kabeji. Suna kuma kawo wasu 'yan dunƙule na garin masara da suke kira hushpuppies, kamar ƙosai suke sai dai da ɗan zaƙi. Boga ban taɓa ba. Ki lissafa wa kowane babba dala 25 zuwa 30, yara kusan rabin haka, ban da tukuicin ma'aikata.

Ɗan Maraɗi: Yaya Maman Hanifa, ni a kicin ɗin irin gidajen nan na fara aiki da na zo ƙasar nan, daga wanke-wanke har aka tsayar da ni kan suya. Bari in gaya miki abin da ba a rubutawa a takardar abinci.

Na farko ƙullun da ake tsoma kifi kafin a soya. Wani gari ne kawai da gishiri da barkono, wannan shi ne salon garin Calabash da aka fi sani a bakin tekun nan, kuma ba matsala. Wani kuwa da giya ake kwaɓa shi don ya tashi ya yi garas-garas. Wasu gidajen suna rubutawa, wasu ba sa rubutawa. Sai kin tambaya da bakinki.

Sai man suya. Kada ki tambaye su ko man gyaɗa ne ko na waken soya ki tsaya nan. Ki ce me da me ake soyawa a tukunyar da ake soya kifi. Gidan da ke da tukunya ɗaya ko biyu, komai ciki yake faɗawa idan aiki ya rincaɓe, har da abin da aka naɗe da naman alade.

Miyar da ake kira chowder ki bar ta gaba ɗaya, farar mai madara da ta yankin Hatteras mai ruwa garai, duka da kitsen alade ake fara soya albasarsu. Miyar ƙaguwa mai kauri ana zuba mata giyar inabi. Dafa-dukan jatan lande da masara da dankali da suke juyewa kan tebur, akwai tsiran alade a ciki, kuma tukunya ɗaya ce, ba a cirewa a ce an gyara. Ganye da koren wake ma a kudancin ƙasar nan da ƙashin alade ake yawan dafa su, mutum ya ɗauka kayan lambu ya ci.

Maman Hanifa: Innalillahi. To me ya rage, Malam Ɗan Maraɗi?

Ɗan Maraɗi: Da yawa ya rage, Yaya. Jatan lande da ƙafafun ƙaguwa da aka turara, ba abin da ke taɓa su sai tururi da yaji, a kawo miki da narkakken man shanu da lemon tsami. Kifin da aka gasa a tanda cikin farantinsa shi kaɗai. Dankalin da aka gasa da ɓawonsa, ki ce kada a barbaɗa masa komai. Masara. Haɗin kabeji. Da waɗannan mutum bakwai za su ƙoshi har a yi guzuri.

Boga ce ban yarda da ita ba, ko da a ce naman halal ne. A kan faffaɗan ƙarfe ɗaya ake gasa ta da yankakken naman alade, kitsen wannan yana gangarawa ƙarƙashin wancan, cokalin juyawa ma ɗaya ne. Da idona na gani kullum.

Anti Rabi: Gaskiya ne. Ni yarana idan sun nace sai boga, ta kifi nake saya musu, in ce a gasa kifin daban.

Maman Hanifa: Akwai kuma abin da ya ɗaure mini kai. Maƙwabciyata 'yar Pakistan ta ce mini su ba sa cin ƙaguwa, jatan lande ma wasunsu ba sa ci. Malam Abubakar, idan kana kusa ka warware mana, kada in kai tsohuwa ta ci abin da zai dame ta daga baya.

Malam Abubakar: Ina biye da ku, Maman Hanifa. Maƙwabciyarki ba ta yi kuskure ba a mazhabarta. Mutanen Pakistan da Indiya da Turkiyya galibinsu Hanafawa ne, kuma a wurinsu kifi kaɗai ake ci daga cikin abin da ke rayuwa a ruwa. Jatan lande kuwa malamansu sun yi saɓani ko kifi ne ko ba kifi ba. Mu da muka tashi kan mazhabar Imamu Malik ba mu da wannan ƙuncin. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa ba tare da ware wani abu ba, kuma akwai hadisin da Malik ya ruwaito cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Saboda haka ƙaguwa da jatan lande da masu ɓawo duk Inna za ta ci.

Maganar giya a ƙullu, kada wani ya ruɗe ku da cewa wuta ta ƙone ta. Ba dukanta ke tashi ba, kuma tun farko da gangan aka zuba ta. A bar shi, tunda ga wani nan da babu ita.

Naman shanun kuma saɓani ne sananne. Akwai malaman da suka sauƙaƙa saboda ayar da ta halatta abincin Ma'abota Littafi, akwai waɗanda suka ce yankan masana'antun yanzu bai cika sharaɗi ba. Amma abin da Ɗan Maraɗi ya faɗa na kitsen alade ya rufe wannan ƙofar kafin a kai ga saɓanin. Abu ɗaya zan ƙara: gidajen nan suna da mashaya a ciki. Ku nemi tebur nesa da ita, kuma kada kwalba ta sauka a teburinku.

Hajiya Gusau: Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kowa yana maganar tukunya da mai, ba wanda ya yi maganar tutar da za a zauna ƙarƙashinta. Ku yi haƙuri da ni, ni ba zan iya kai jikokina wurin da ake sa wa yaro hular ɓarawo a tafa masa ba. Mutanen nan me suka yi a duniya? Sun tare matafiya da makami, sun ƙwace dukiya, sun kama mutane sun riƙe sai an biya. Ɗan ƙanwata an ɗauke shi a hanyar kasuwa, gonar gado aka sayar aka karɓo shi, har yau idan ya ji ƙarar babur da dare sai ya miƙe tsaye. Ku gaya mini, idan bayan shekara ɗari uku wani ya buɗe gidan abinci ya yi masa ado da babura da bindigogi, ma'aikata suka naɗe fuska da rawani, aka ba yara bindigar roba da jakar kuɗin fansa, za ku ce wasa ne? Ni abin da nake gani ke nan idan na kalli tutar nan.

Anti Rabi: Allah sarki Hajiya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Abba Ƙarami: Hajiya, ina gaishe ki, Allah ya ƙara wa ɗan'uwanmu lafiya. Ki ba ni dama in faɗi yadda mu da muka tashi a nan muke ganinsa. Tun muna 'yan firamare ake mana ranar shigar 'yan fashin teku a makaranta, ana ɓoye alewa a ba mu taswira mu nemo. Ba wanda a cikinmu ya taɓa haɗa wannan da sata. A idon yaro jirgi ne da taswira da aku. Jami'ar da ke Greenville ma 'yan wasanta da sunan ake kiransu, dubban mutane ke sa rigar, ba wanda ya zama ɗan fashi saboda haka. Idan muka hana yaranmu duk abin da ke da mummunan asali, me za mu bar musu? Ina tsoron yaro ya tashi yana jin cewa komai na ƙasar da aka haife shi haramun ne a gidansu. Na ga abokaina da aka yi wa haka, da suka girma suka yi nisa da gida gaba ɗaya.

Hajiya Gusau: Ɗana, na ji ka, kuma tsoronka gaskiya ne. Amma ban ce a hana su teku ko kifi ba. Gidajen kifi nawa ne a bakin ruwan nan da ba su rataya ƙoƙon kan mutum ba?

Ɗalibar Greenville: Ina wuni Hajiya, ina wuni Malam. A jami'ar da Abba ya ambata nake karatu, kuma ɗakin da ake adana kayan da aka tsamo daga jirgin shahararren ɗan fashin teku Blackbeard a garin nan yake, don haka bari in kawo abin da tarihi ya tabbatar, kowa ya yi hukunci.

Mutumin da duk gidajen abincin nan ke kwaikwayo Bature ne ɗan Ingila, Edward Teach, wanda ake wa laƙabi da Blackbeard, wasu takardun suna rubuta Thatch. Babban jirginsa da ake kira Queen Anne's Revenge ba shi ya ƙera shi ba. Jirgin bayi ne na Faransawa mai suna La Concorde, daga tashar Nantes. A shekarar 1717 ya je Wida, wadda ke Jamhuriyar Benin a yau, ya ɗauki mutum 516. Sama da sittin sun mutu a hanya. A watan Nuwamba, saura kaɗan ya isa tsibirin Martinique, Teach ya tare shi ya ƙwace. To ga abin da ba a gaya wa yara: bai 'yanta mutanen nan ba. Ya sauke yawancinsu tare da Faransawan a wani ɗan tsibiri, ya bar musu ƙaramin jirgi, Faransawan suka yi jigilarsu zuwa Martinique kamar yadda suka yi niyya tun farko.

A watan Mayun 1718 ya toshe tashar Charleston, ya kama manyan gari da ke cikin wani jirgi, ya ce ba zai sake su ba sai an kawo masa akwatin magunguna. Wannan garkuwa da mutane ce, ba ta da wani suna. A watan Yuni jirgin ya kafe a yashi a mashigin Beaufort ɗin da Maman Hanifa za ta je. A 1996 aka gano ɓaraguzansa, kuma cikin abin da aka tsamo, ban da igwa, akwai garin zinariya da duwatsun ado na ciniki da marin ƙafa.

Hajiya Gusau: Marin ƙafa. Kun ji ko?

Ɗalibar Greenville: Akwai sauran da zai fi taɓa ki, Hajiya. Bayan jirgin ya kafe, Teach ya tafi garin Bath ya karɓi afuwa daga hannun gwamnan Carolina ta Arewa na lokacin, Charles Eden. Ba a jima ba ya koma fashi, ana ta zargin cewa sakataren gwamnan, Tobias Knight, yana da kaso a ganimar. 'Yan kasuwar yankin da suka gaji sai suka kai kuka wurin gwamnan Virginia, Alexander Spotswood, shi ya turo sojan ruwa ƙarƙashin Robert Maynard suka kashe shi a Ocracoke ranar 22 ga Nuwamba 1718.

Baban Sadiq: Afuwa, a koma daji, a zargi na kusa da gwamna. Subhanallah. Wannan labarin mun san shi ba sai an fassara mana ba.

Abba Ƙarami: Anti, na gode, ban san rabin wannan ba. Amma ki yi adalci ki faɗi ɗaya gefen. Waye ya fi wani ɓarna, wanda ya ƙwace jirgin ko wanda ya cika shi da mutum 516 da izinin sarkinsa? Waɗanda suka rataye 'yan fashin su ne masu kamfanonin bayi. Kuma na karanta cewa a jiragen 'yan fashi ana zaɓen shugaba da ƙuri'a, ana raba ganima da ƙa'ida, wanda ya rasa hannu ko ƙafa ana biyansa diyya, har baƙaƙen fata akwai a cikinsu.

Ɗalibar Greenville: Abin da ka karanta akwai shi, Abba. Ƙa'idojin jirgin Bartholomew Roberts sun tanadi ƙuri'a da diyyar wanda ya nakasa, kuma yawancin 'yan fashin talakawan matuƙa ne da suka gudu daga bulala da yunwa a jiragen 'yan kasuwa da na soja. Na yarda masu fataucin bayi sun fi su ɓarna nesa ba kusa ba. Sai dai adalcin nan tsakaninsu ya tsaya. Wanda ke ɗaure a cikin jirgin da suka kama, kaya ne a idonsu kamar sukari da zane. Roberts ɗin nan a farkon 1722 ya shiga Wida ya kama jirage, ya ce kowane kyaftin ya fanshi nasa. Mai wani jirgi da ake kira Porcupine ya ƙi biya, yaran Roberts suka cinna wa jirgin wuta da mutum wajen tamanin a ɗaure a ciki.

Alhaji Nima: Wannan Roberts mun san labarinsa a Gana. A Anomabu 'yan fashin teku suka kama shi a 1719 yana ma'aikaci a jirgin bayi, daga nan ya shiga fashin. Sojan ruwan Ingila suka kashe shi a gaɓar Gabon a 1722, aka kawo yaransa gidan yarin Cape Coast aka yi musu shari'a, aka rataye 52. Baƙaƙen da aka kama tare da su kuwa ko shari'ar ba a yi musu ba, sayar da su aka yi. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakunan ƙarƙashin ginin nan na Cape Coast ya shaƙi iskar ciki, ba zai ga jirgin wancan zamani ya yi murmushi ba. Kakanninmu ne a cikin jiragen nan, jama'a.

Ɗalibar Greenville: Baba Alhaji, ka yi mini afuwa in ɗan gyara. A shekarun Teach da Roberts, waɗanda ake fitarwa ta Wida galibi mutanen yankin ne da na bayansa kaɗan. Hausawa sun yawaita a jiragen ne daga baya, wajen farkon ƙarni na 19 lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, kuma Bahiya ta Brazil aka fi kai su, inda suka shirya bore a 1807. Ban faɗa don in rage zafin abin ba, sai don idan yaro ya tambaya mu ba shi amsa daidai.

Alhaji Nima: Na karɓa, 'yata. Allah ya ƙara ilimi. Ko ɗan wace ƙabila ne, ɗan Adam ne aka ɗaure.

Yayan Matuƙi: Ni dai ƙanena yana aiki a jirgin dakon mai tsakanin Legas da Lome, kuma abin nan ba tarihi ba ne a gidanmu. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a Mashigin Gini aka ɗauke su. Shekarar nan mahaifiyarmu ba ta yi barcin kirki ba. Alhamdu lillahi abin ya ragu sosai tun bayan dokar Najeriya ta yaƙi da fashin teku ta 2019 da ƙarin sintiri, amma har yanzu suna kewaye jirgi da waya mai ƙaya, suna da ɗakin ƙarfe da za su kulle kansu idan an hau musu. Ina tare da Hajiya. Ban ce haramun ne ba, wannan na Malam ne. Na ce abincin ba zai wuce mini a maƙogwaro ba.

Maman Hanifa: Malam, to ka ji inda magana ta kai. Zama a wurin laifi ne?

Malam Abubakar: Ba zan ce haramun ne ba, domin ba ni da hujjar faɗin haka. Mai gidan kifi yake sayarwa, adon kuma don jan yara ne, ba wanda ke kira zuwa ga fashi. Amma abin da Hajiya ta ji a ranta ba ƙaramin abu ba ne, kuma shari'a ba ta ɗauki tare hanya da wasa ba. Hukuncinsa a Suratul Ma'ida yana cikin mafi tsanani. A Suratul Kahfi ma, wadda muke karantawa kowace Juma'a, an ba mu labarin sarkin da ke ƙwace kowane jirgi da ƙarfi, da miskinan da ke neman abinci a teku. Yaranmu sun san wannan ƙissa. Idan kin kai su, abin da nake so shi ne su san wane ɓangare suke, na masu jirgin ko na mai ƙwacewa. Hular ƙoƙon kai kuwa, da ni ne, zan ce wa ma'aikaciyar mun gode, a bar ta.

Abba Ƙarami: Malam, yaro ɗan shekara shida, kowa a ɗakin da hula sai shi? Kuka zai yi, kuma abin da zai tuna ke nan, ba kifin ba.

Anti Rabi: Abba yana da gaskiya a nan. Idan za a shiga, a shiga da zuciya ɗaya, a yi wa yaro bayani a mota. Idan ba za a iya ba, tun farko kada a tsaya a ƙofar. Shiga da rabin zuciya shi ne zai ɓata wa kowa rana.

Hajiya Gusau: Shi ya sa na ce a nemi wani gidan. Kuma ku tuna da baƙuwar. Tsohuwa ta taso daga Damagaram, a zaunar da ita gaban gunki mai ido ɗaya da ƙasusuwan mutum a bango? Ba za ta ce komai ba saboda kunyar ɗanta, amma ba za ta ci ba. Ni na san irinmu.

Baban Sadiq: Hajiya, wannan kam kin faɗi abin da ban lura da shi ba, don mu ba mu je da babba ba. Amma ina nan kan cewa yarana ba su dawo da wata mummunar ɗabi'a ba. Sun ci kifi, sun ga jiragen kamun jatan lande suna shigowa da yamma, shi suka fi ba da labari ma.

Ɗalibar Greenville: Ga shawarata, Anti Maman Hanifa. A cikin garin Beaufort, a titin bakin ruwa, akwai gidan tarihin harkokin teku na jiha, kuma a can aka baje kayan jirgin nan. Ki duba lokutan buɗewarsu kafin ku tashi. Ku fara da can. Yara za su ga igwa ta gaske da ta kwana kusan shekara ɗari uku a ruwa, wanda ya fi gunkin roba burge su, kuma ki gaya musu daga ina jirgin ya taso da waɗanda ke cikinsa. Bayan nan duk inda kuka ci abinci, sun riga sun san ko waye mutumin.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa Baban Hanifa duka. Mun tsayar cewa za mu fara da gidan tarihin, abincin rana kuma tare da Inna a gidan kifin da ba shi da wannan adon. Shi yana ganin washegari ya kai manyan yaran biyu wancan wurin su kaɗai tunda ya riga ya yi musu alkawari, ni kuma maganar Hajiya ta tsaya mini a rai, ba mu gama shawara ba tukuna. Ɗan Maraɗi, ko wanne muka je, yaya zan yi tambayar mai da ƙullu ba tare da an ba ni amsar kawar da kai ba?

Ɗan Maraɗi: Ki buga waya tun kafin ranar, tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na yamma, lokacin kicin ya lafa. Ki ce a haɗa ki da manaja ko shugaban masu girki, don mai kawo abinci sau da yawa bai san abin da ke cikin ƙullu ba. Ki ce ba kwa cin alade da giya ko kaɗan, ko ɗigo, ki tambayi ko suna da tukunyar da kifi kaɗai ake soyawa. Ki tambayi kuma ko jatan landen na ruwan nan ne, don mafi yawan wanda ake ci a Amurka daskararre ne daga Indiya da Ekwado da Indonesiya, na gida kuwa ya fi zaƙi nesa. Inda aka rubuta farashin kasuwa a gaban ƙaguwa, ki ji kuɗin kafin ki ce a kawo.

Tunda ku bakwai ne, ki duba rasit da kyau, gidaje da yawa suna saka tukuicin a ciki idan mutane sun kai shida ko takwas, kada ki biya sau biyu. Idan ba su saka ba, ki ba da kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Doka a jihar nan ta yarda a biya masu kawo abinci dala 2.13 a awa, da tukuicin suke rayuwa. Idan Inna ba ta taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba, ta fara da kaɗan a jira, wasu jikinsu ba ya karɓa, kumburin leɓe ko ƙaiƙayin maƙogwaro ba abin jinkiri ba ne, a nemi asibiti nan take. Ki kuma sako mata yajinta a jaka, don nasu ba zai ishe ta ba.